Bashin ragon sunana

Babbar Sallar 2023 ce ta farko da na yanka ragon layyar gidanmu da hannuna. Baba yana zaune a kujerar roba bakin zaure, hannunsa na dama ajiye a cinya kamar na aro, don wata huɗu ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye. Aka gama fiɗa, Inna ta gasa hanta ta kawo masa, ya dube ta bai taɓa ba. Can sai ya yafito ni da hannun hagu. Na durƙusa dab da shi, saboda maganar ba ta fita sosai.

"Abba, ragon sunanka fa ban biya ba."

Na zaci ciwon ne ya taɓa masa tunani. Na waiwayi Inna, sai na ga ta sunkuyar da kai. Ashe ta sani.

An haife ni a Garwa ta arewacin Kamaru, unguwar Hausare, ƙarshen Fabrairun 1994, cikin azumi. Baba yana Duwala a lokacin, sojan ruwa ne a wani jirgin sintiri. Duk wanda ya san shekarar nan ya san ba ta yi wa kowa daɗi ba. A Disambar 1993 sojojin Najeriya suka shiga Bakasi, aka ɗaure su Baba a bakin aiki, ba hutu ba izinin zuwa gida. A Janairu kuma aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa da ake canzawa sefa 50 ya koma 100, kaya suka yi tashin gwauron zabo. Albishir ɗin haihuwata ya iske Baba aljihu wayam. Ga shi sunan mahaifinsa za a sa mini, ba zai yarda a raɗa shi ba rago ba. Sai ya tunkari mai kula da injin jirginsu, wani Kirista mutumin bakin teku, ya ranci sefa dubu arba'in ya aiko ta gidan waya. Bayan 'yan watanni aka sauya wa mai injin wurin aiki. Ba salula a lokacin. Yau a nema, gobe a nema, har Baba ya yi ritaya ya dawo Garwa, har shekara ashirin da tara ta wuce.

"Ran da za a yi mini salla," in ji shi, "liman zai tambaya ko akwai mai bina bashi. Shi wannan ba zai ji tambayar ba."

Daga ranar aikin ya hau kaina.

Mu 'ya'yansa ba mu san komai ba game da tekun Baba. Ruwanmu a Garwa shi ne Binuwai, wanda da rani yashi ke cinye fiye da rabinsa. Tsohuwar tashar jiragen ruwa tana nan bakin kogi, inda a da jirage ke hawowa daga Najeriya da damina su ɗauki auduga da gyaɗa, amma ni ban tashi na ga ko ɗaya ba. In Baba ya ambaci teku a majalisa, sai wani ya ce, "Kamar dam ɗin Lagdo ke nan?" Ya yi murmushi ya bar zancen. Na girma ina ganin mahaifina mutum ne mara son magana, alhali abokin maganar ne babu.

Muka fara da akwatinsa na ƙarfe, wanda sojoji ke ce wa kantin, da ke ƙarƙashin gadon Inna. A ciki akwai littafin aikinsa mai ɗauke da lambarsa ta soja, da takardun fansho, da wani usur na tagulla mai dogon wuya, sai hoto guda. Mutum bakwai ne a bayan jirgi. Baba na biyu daga hagu, siriri kamar kara. Mai injin yana tsugune a gaba, tsumma a kafaɗa, shi kaɗai ke dariya. A bayan hoton an rubuta 1993 da fensir, shi ke nan. Sunan iyalin mutumin kawai Baba ya riƙe, suna ne kuma da ya cika ƙauyukan bakin teku. Garinsu ma cewa ya yi "wajen Kiribi", bai tabbata ba.

Na ga ba zan samu mutumin ba sai na san jirgin. Don haka kullum bayan isha sai in shimfiɗa tabarma a tsakar gida, in kunna ɗaukar murya a waya, in ɗora hoton a cinyarsa in nuna mutum ɗaya in ce, "Baba, wannan fa?" Kalma biyar takan ɗauke shi minti ɗaya. Ban taɓa katse shi ba, kuma ina ganin wannan ne abu mafi amfani da na yi a duk neman.

A 1983 aka ɗauke shi. A Binuwai ya koyi iyo, ƙarƙashin gada, ya ɗauka ya san ruwa. Wata ukun farko a jirgi amai kawai yake yi, duk inda ya nufa da bokiti a hannu, har abokan aikinsa suka laƙaba masa Bokiti da Faransanci, sunan ya bi shi har ritaya. Aikin gadi awa huɗu-huɗu ake yinsa, suna ce masa kar, kuma wanda kowa ke gudu shi ne na sha biyun dare zuwa huɗun asuba. A jirgi ba a cewa dama da hagu, tiribor da babor ake cewa. Alƙibla ba ta zama wuri guda, sai ya hau wurin mai tuƙi ya dubi kamfas ya nemi arewa maso gabas, ya tayar da salla, wani lokaci kafin ya sallame jirgin ya juya. Ruwan daɗi a ƙididdige yake, na sha da girki. Ya damu ƙwarai da batun alwala, har wani malami a unguwar Hausawa ta Niyu Bel a Duwala ya karanta masa hadisin da ya ce ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne. Daga nan bokitin aman ya samu ƙane, aka ɗaura masa igiya, ya zama gugan alwala.

Azumin 1994 ya fi tsayawa a kai. Mai injin ne ke tashinsa sahur. Yana can ƙasa wurin inji, in lokaci ya yi sai ya ɗauki sufana ya bugi bututun da ya ratsa ta kan gadon Baba sau uku. Kukun jirgi kuma yana ware masa abincinsa a tukunya daban ran da aka dafa abin da bai halatta gare shi ba. Ba wanda ya umarce su.

Bakasi kuwa, ya ce shi a jikin jirgi ya fara ganin sunan, don Kamaru tana da jirgin yaƙi ƙirar Faransa mai wannan suna tun 1984. Sai daga baya ya ga wurin da idonsa: taɓo, da rassan ruwa masu kama da juna, da itatuwan da ke tsaye cikin ruwan gishiri saiwoyinsu a waje kamar ƙafafun gizo. Sau biyu a yini ruwa ke cika ya janye, wanda ya kuskure lokaci sai ya kwana a taɓo sauro ya sha jininsa. Ruwan sama ba a magana. Wajen Debunca, gindin Dutsen Kamaru, ana samun kusan milimita 10,000 a shekara, mu a Garwa abin da bai wuce 1,000 ba. Kaya ba sa bushewa, takalmi ya yi funfuna a kwana biyu.

Akwai daren da ya yi shiru har na ɗauka ya yi barci, sannan ya ce wata rana yana kar na tsakar dare, na'urar oba-oba ta kamo maganar sojojin ɗaya ɓangaren. Da Hausa. Wani yana tambayar wani ko an kawo abincin sahur. Kakata, mahaifiyar Baba, 'yar Yola ce, kuma ruwan da ke wucewa ta ƙofar garinmu shi ne ke wucewa ta ƙofar nasu. Ya ce tun daga daren addu'arsa ɗaya ce, kada Allah ya haɗa shi ido da ido da mai muryar nan. Ran 10 ga Oktoba 2002 da kotun duniya ta Heg ta ba Kamaru yankin, da ran 14 ga Agusta 2008 da aka kammala miƙa shi bisa yarjejeniyar Girintiri ta 2006, duk a rediyo ya ji, kuma abin da ya ce sau biyun shi ne alhamdu lillahi, an daina.

Da na tara abin da zan iya tarawa sai na tafi ofishin tsofaffin sojoji. Wani dattijo na tarar a teburi. Na gaishe shi, na ce, "Ranka ya daɗe, wani abokin aikin mahaifina nake nema." Ya juya hoton gaba da baya, ya ce shi ba zai iya ba ni adireshin wani ba, amma zai ba ni abin da ya fi adireshi. "Yaro, soja ba a nemansa da suna. Da shekarar da aka ɗauke shi ake nemansa. Waɗanda suka shiga tare kilas suke kiran junansu, kuma sun san inda kowa yake, mai rai da wanda ya rigaya." Na koma gida na tambaya. Baba ya ce mai injin ya girme shi a aiki da shekara biyu. To, 1981.

Dattijon ne kuma ya nuna mini inda zan zauna: gindin dalbejiyoyin da tsofaffin sojoji ke taruwa ƙarshen wata in an yi fansho. Wata biyu ina zuwa da hoton cikin leda. Yawancinsu sojan ƙasa ne da jandarma, sai su karɓa su duba su girgiza kai su yi mini addu'a. A wata na uku aka nuna mini wani dogon tsoho, ɗan Kotoko daga Kusiri, wanda ya zo Garwa ganin likitan ido. Ya kai hoton dab da hancinsa, ya daɗe, sannan ya ɗora yatsa a kan wani ƙarfe da ke bayan mutanen ya faɗi sunan jirgin. Ban gaya masa ba. Da yamma na kawo shi gida. Bai taɓa aiki jirgi ɗaya da Baba ba, amma suka zauna har goma na dare, na ji Baba yana dariya da rabin baki, Inna ta leƙo ta labule ta koma tana share ido. Kafin ya tafi ya ɗauki hoton da wayarsa ya tura wa 'yan kilas ɗinsa a WhatsApp, su kuma suka tura gaba, da lambata a ƙasa.

A nan na yi kuskuren da nake so wani ya kauce masa. Kwana huɗu da tura hoton wani ya kira ni, ya ce shi ɗan mai injin ne, mahaifinsa na ƙauye ba sabis, in turo kuɗin mota dubu goma sha biyar ya je ya haɗa mu. Zumuɗi ya sa na tura nan take. Daga ranar layin bai sake shiga ba. Abin ya yi mini ciwo, don na riga na shiga ɗaki na ce wa Baba an same shi, ya sa aka ɗauko masa sabuwar hula. Mai cin kuɗin mara lafiya da sunan zumunci, Allah ya isa kawai zan ce. Tsohon Kusiri da ya ji ya yi mini faɗa kamar ɗansa: "Ka rubuta labarin bashi a ƙarƙashin hoto, me kake jira? Cire. Duk wanda ya kira, tambaya ɗaya za ka yi masa, wadda ba mai amsa ta sai wanda ya kwana a jirgin."

Tambayar ita ce, me ake kiran na biyu daga hagu?

Sannu a hankali labarin mutum bakwai ɗin ya riƙa isowa, yawancinsa ba mai daɗi ba. Ɗaya ya rasu a bakin aiki tun kafin a sasanta. Biyu ciwo ya ɗauke su bayan ritaya. Matar kukun ta aiko da saƙon murya daga Duwala tana kuka, ta ce bara ya rasu, kuma ba ta da hotonsa na ƙuruciya ko ɗaya. Na kai namu aka wanke babba na aika mata. Kowace rasuwa sai na jira Baba ya ci abinci ya sha magani kafin in faɗa masa, ya yi inna lillahi, ya ɗora yatsa a fuskar mutumin.

Farkon Disamba wata mata ta kira da Faransanci, ta ce wani maƙwabcinsu ya nuna wa mahaifinta hoto, tun jiya ya hana kowa sakat. Na yi tambayata. Na ji ta maimaita da yarensu, sai wata murya mai kauri ta fashe da dariya daga nesa, ta yi ihun kalma ɗaya. Bokiti.

Na so in tura kuɗin ta waya a wuce wurin. Baba ya ƙi. "Da ƙafa na je na karɓa. Da ƙafa za a mayar." Na tambayi limaminmu ko za a ƙara wani abu, ganin yadda dubu arba'in ta 1994 ba ita ce ta yau ba. Ya ce abin da aka ranta shi ne bashi, in mai biya ya ƙara don kyautatawa ba tare da an shardanta ba, wannan alheri ne. Sai muka yi ambulan biyu, ɗaya ta bashi, ɗaya ta alheri, da turmin atamfa na matar gidan.

Mota zuwa Ngaundare, jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, na kwana wurin wani kawuna a unguwar Birikitari, washegari na bi ta Edeya na sauka Kiribi da la'asar. Kafin in nemi gidan sai da na ce wa mai babur ya kai ni bakin ruwa. Na tsaya. Ba ƙarshe, ba ɗaya gaɓar, ga ƙara kamar ana juye tirelar tsakuwa ba fasawa. Na tuna masu cewa "kamar Lagdo", na gane murmushin Baba. Na cire takalmi na yi alwala da ruwan, gishirin ya shiga mini ido.

Gidan yana wajen gari, bayan wasu bishiyoyin kwakwa, injinan kwalekwale uku a kwance a baranda, don har yanzu yana yi wa masunta gyara. Ya tsufa, ya yi ƙiba, amma dariyar hoton ce. Ya riƙe fuskata da hannu biyu masu warin man inji, ya ce da Hausa mai nauyi, "Allah ya kiyaye." Ya ce abin da Baba ke faɗa ke nan duk lokacin da aka kwance igiya za a bar tasha, har dukan jirgin suka haddace, Kirista da Musulmi.

Bayan an ci kifi da miyondo, wato ƙullin rogo da ake dafawa cikin ganye, na durƙusa na miƙa ambulan ta farko, na faɗi saƙon yadda aka ba ni, har da neman gafarar jinkiri. Bai ce a bar shi ba. Ya buɗe ya ƙirga a gabana, ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da wani ƙaramin littafi baƙi da danshi ya kumbura. Littafin da yake rubuta awannin inji da canjin mai ne. Ya lashi yatsa ya yi ta buɗawa har ya kai Maris 1994. Ya juyo mini shafin.

"Ɗana, karanta. Talatin da biyar ne. Mahaifinka bai taɓa iya lissafi ba."

Ya zare dubu biyar ya danƙa mini a hannu, ya ɗauki biro ya ja layi a kan rubutun. A ƙasan adadin na ga wata kalma da na sani. Sunana ne na yanka, an rubuta shi yadda kunnen Bafaranshe zai ji shi. Na tambaye shi ina ya samo. Ya ce ranar da aka raɗa mini suna, Baba ya tara su a bayan jirgi bayan an sha ruwa, ya raba musu dabino, ya faɗi sunan da ƙarfi sau uku don kowa ya riƙe. Ni kuwa tun da nake ban taɓa jin sunan nan daga bakin Baba ba. Sunan mahaifinsa ne, kunya ba ta barinsa, Abba yake ce mini. Na kasa riƙe hawaye, tsohon ya bar ni sai da na gama.

Da magariba na kira ƙanwata ta bidiyo, ta kai wa Baba wayar. Yana sanye da sabuwar hular nan. Suka kalli juna, ba wanda ya yi magana, har na ɗauka sabis ne ya tsaya. Sai Baba ya ɗaga hannun hagu ya nuna na dama, ya ce da Faransancin da ban san yana da sauransa ba, "Tiribor ya mutu." Mai injin ya matso da fuskarsa har ta cika wayar. "To sai me? Sau nawa muka shigo kogin Wuri na Duwala da inji ɗaya?" Ya ɗauki sufana daga baranda ya bugi ƙarfen ƙofa sau uku. Na ji Baba yana kuka, na ji Inna daga gefe tana cewa a bar shi ya yi.

Ambulan ta biyu sai da 'yarsa ta sa baki ya karɓa. Amma ya ce akwai sauran bashi da ba a rubuta a littafi ba: Baba ya yi masa alkawarin naman ragon sunan, bai ga ko tsoka ba. Da na dawo Garwa na faɗa, Baba ya ce gaskiya ne. Muka ɗora kuɗi a kan dubu biyar ɗin nan, na je wurin mai kilishin da Baba ya yarda da shi, aka naɗe mana ƙulli babba cikin takarda, na kai tashar mota aka rubuta Kiribi a jiki.

Yanzu duk Lahadi, in mai injin ya taso daga coci, ni ke riƙe wa Baba waya. Sun gano na bakwai ɗin ma, yana Limbe, wani lokaci su uku ake haɗawa. Saƙon da ya biyo bayan kilishin na nan a wayata ban goge ba. Ya ce yajin ya kusa kashe shi, jikokinsa sun cinye rabi, kuma a gaya wa Bokiti ya ƙaro kafin Kirsimeti.